Ɗorawar Gwaggo Azumi

Birnin Gwari,
farkon Oktoba.

Nu'uman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Raudatu da yara. Mu nan lafiya, irin tamu: wanda ya kwana a ɗakinsa ya kuma farka a ɗakinsa ba ya neman ƙari. Can Kazage ma haka. Baba Dabo na fama da ciwon gwiwa, sai dai gwiwar ta san ranar kasuwa, ba ta tashi a ranar. Gwaggo Azumi ta yi zazzaɓi ta warke, ta kuma ce ba maganin da na kai mata ne ya warkar da ita ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka datse layin waya don hana mutanen daji magana da juna, mu ne muka yi shiru. Su kam na ji an ce ba su ma lura ba. Bature direba zai kawo maka wannan in Allah ya fid da shi hanyar Kaduna, ta hannunsa kuma za ka ba ni amsa.

Ba zumunci ne ya sa na ɗauki biro ba, kada ka ji daɗi. Aike ne. An faɗa a rediyo cewa gidauniyarku, Inuwar Gobe, za ta dasa bishiyoyi a gundumar Kazage, ta riƙa biyan manomi duk shekara don ya kula da su. Tun ranar Baba Dabo ya tuna cewa kakarka da kakana, wato mahaifinsa, ciki ɗaya suka fito. Shekaru bai ambaci sunanka ba, yau kai ne "yaron nan namu na Kaduna". Ya ce in tambaye ka yadda za a sa gonarsa ta bayan gari a ciki. Ita kaɗai ta rage masa, na nesa duk an bar wa masu bindiga.

Ai ka tuna gonar. Ita ce mai ɗorawar Gwaggo, inda ka taɓa cika cikinka da garin ɗorawa har ka wuni kana kuka. Ƙasar ta Baba Dabo ce, bishiyoyin na Gwaggo ne. Haka aka raba gado tun ba a haife mu ba: maza suka ɗauki ƙasa, aka ce wa mace ga itatuwa, suna ganin sun yi mata wayo. Da kalwar bishiyoyin nan ta yi daddawa ta aurar da 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta, kuma duk zamanta a gidan ƙanenta ba ta taɓa tambayarsa ko kuɗin gishiri ba.

Ni kuwa ina nan ina koyar da labarin ƙasa. Jiya ina karanta wa 'yan aji biyar babin kwararowar hamada, sai da na riƙa dakatawa saboda ƙarar motocin gawayi da ke wucewa ta bayan taga. An hana saran itace, an hana safarar gawayi, saboda haka yanzu ana lulluɓe buhunan da tamfol. A littafin namu har yanzu giwaye na kiwo a dajin Kamuku. Ban gyara ba. Ko ba komai su samu inda za su zauna.

Ka yi mini bayani da Hausar da Baba Dabo zai gane. Mene ne wannan ci gaba mai ɗorewa da kuke ta faɗa, kuma ina rabonsa a ciki?

Taubashiyarka,
Zulaiha.

*

Kaduna,
tsakiyar Oktoba.

Malama Zulaiha, sarkin baƙar magana,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta zo, mun karanta da Raudatu, ta yi dariya har da hawaye a kan gwiwar Baba Dabo. Duk muna lafiya, in ban da ƙaramar da ke haƙora. A gaishe da Gwaggo da jiki. Maganar garin ɗorawa kuwa sharri ne, ke kika ce mu yi gasa.

Ga bayanin. Ci gaba mai ɗorewa a taƙaice shi ne mu ci yau ba tare da mun cinye rabon jikokinmu ba. Duniya na ɗumama saboda hayaƙin masana'antu da motoci, shi ya sa damina ta rikice, ruwa ya zo a makare ko ya zo da ambaliya. Bishiya tana shanye wannan hayaƙi. To akwai kamfanoni a Turai da ba za su iya daina fitar da hayaƙi yau ba, sai su biya a dasa bishiyoyi a nan su shanye musu. Manomi ya samu, daji ya dawo, duniya ta huce. Ba wanda ya yi asara. Na san za ki taɓe baki, amma wallahi tun da na fara aiki ban ga tsari mai ma'ana kamar wannan ba.

Sai dai akwai sharaɗi. Masu ba da kuɗin sabuwar bishiya suke biya, ba wadda suka tarar ba, domin tsohuwa da ma tana aikinta ko da su ko ba su. Saboda haka fili muke nema wanda ya lalace, babu komai a kansa, kuma da hoton tauraron ɗan'adam ake tantancewa. Gonar Baba Dabo cike take da ɗorawa. Muddin bishiyoyin nan na tsaye ba za ta shiga ba. Ki san yadda za ki lallashe shi, ke kin fi ni iya magana da tsofaffi.

Ki taya ni addu'a, an sa sunana cikin masu zuwa taron duniya kan sauyin yanayi wata mai zuwa. Raudatu ta riga ta fara nema mini rigar sanyi a gwanjo.

Naki,
Nu'uman.

*

Birnin Gwari,
ƙarshen Oktoba.

Nu'uman,

Sallama da gaisuwa. Allah ya raba ƙaramar da haƙora lafiya. Kowa na nan ƙalau a jiki. Sauran kuma ka karanta ka gani.

Wasiƙarka ba ta fara zuwa hannuna ba. Bature ya iso ranar da aka rufe makaranta saboda jita-jitar hari, bai same ni ba, sai ya wuce da ita Kazage ya miƙa wa Baba Dabo. A wurinsa bai yi laifi ba. Ka san mutanenmu, takardar ɗa in ta shiga hannun uba ta isa gida. Baba Dabo kuwa ba ya karanta boko, sai ya ba wanda ke kusa ya karanta a zaure gaban jama'a. Wanda ke kusan shi ne Nababa, surukinsa, dillalin gawayi. An ce ya karanta da kyau. Wurin da ka ce "muddin bishiyoyin nan na tsaye" ma sai da ya maimaita.

Da na je ranar Asabar na tarar an gama fassara ka. Na ce, "Baba, nufinsa gonarka ba ta cikin irin waɗanda suke nema."

Ya ce, "Ke Zulai, boko ya toshe miki kunne. Yaro mai ladabi ba zai ce wa ubansa je ka sare ba. Ya faɗi abin da ya tare hanya, ya yi shiru. Mai hankali ai nuni ya ishe shi."

Ka ji. Ladabinka ne ya jawo.

Gwaggo na tsakar gida tana tsince kalwa, ta ji duka. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Dabo, wace bishiyar ce ta tare maka hanya?"

Ya ce, "Yaya, ba faɗa ba ne. Inuwar nan ta daɗe tana cinye mini dawa ban yi magana ba."

Ta ce, "Dawar da ta rage da miyar wa kake cin ta?"

Ya ce in kuɗin Turawa suka zo zai riƙa saya mata dunƙulen shago, kwali guda, ba sai ta ƙara wahala da wari ba. Nababa ya yi dariya. Shi ne kaɗai a gidan da zai ci riba ko gidauniyarku ta zo ko ba ta zo ba, kuma ya riga ya zaga gonar yana rungumar kututture kamar mai taya saniya.

Abu ɗaya ne ya tsayar da su, kuma ba hujjata ba ce. Dawa na tsaye a gonar, ba a kayar da bishiya a kan amfanin da bai nuna ba. Saboda haka muna da lokaci zuwa girbi, daga nan babu.

Ga abin da nake so. Ka rubuta wa Baba Dabo da sunansa, gajeriya, ba ladabi, ba kwana-kwana: ko ya sare ba za a ɗauki gonar ba. Ka buga hatimin ofishinku a kai, don ya fi jin maganar hatimi da ta mutum. Ni mace ce mai digiri, wato a zauren nan shaidata ba ta kai ta rediyo ba.

Wani abu kuma, don kaina nake tambaya. Ɗorawar da ta fi ni da kai shekaru tana shanye hayaƙin Turawa kyauta ba ta da lada, sai jaririyar da ba ta kai gwiwa ba? Wa ya zauna ya tsara wannan, kuma an ba shi abinci bayan ya gama?

Ka yi sauri.

Zulaiha.

*

Birnin Gwari,
ƙarshen Nuwamba.

Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina fata kana raye. Mu muna nan. Gwiwar Baba Dabo ta warke sarai, kullum yana gona.

Bature ya rantse ya kai wasiƙata ofishinku ya ba mai gadi, kafin a tare hanya a yi mako biyu ba mota. An ce an dawo da layin waya, amma turakun da aka ƙone a yankinmu ba su ji sanarwar ba. Saboda haka ga ni kuma da biro.

An girbe dawa. Gwaggo ta kai ƙara gaban mai unguwa, na raka ta. Ya saurari kowa, ya yi gyaran murya, ya ce al'ada a fili take: ba mai sa gatari a bishiyar wani, ko da a gonarsa take. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi. Har mun miƙe sai ya ƙara da cewa, idonsa na kan rufin zaure, amma itacen da ya mutu da kansa a gonar mutum, wannan na mai gona ne. Ba wanda ya tambaye shi. Shi ma yana da gona mai kaɗanya, kuma shi ma yana da rediyo.

Ka san darajar karan dawa a ƙauye. Da shi ake danni, da shi ake girki, Fulani su sauka da shanu su ci ganyen su bar taki. Bana Baba Dabo ya sallami Fulanin da suka saba sauka gonar tun zamanin kakanmu, ya ce yana da amfani da karansa. Na je na ga amfanin. An tattara shi kaf, an jingina a gindin kowace ɗorawa, tsibi-tsibi har ya fi tsawona. Na tambaya, aka ce wai don ya sha inuwa. Busasshen kara, Nu'uman. Yana shan inuwa.

Kowa a Kazage ya san abin da ake shiryawa. Za a sa wutar sharar gona kamar kowace shekara, wuta kuwa ba ta da mai ita. Ba a taɓa kai wuta gaban mai unguwa ba. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne yadda ake yi cikin mutunci. Kowa na gaida Gwaggo da rusunawa. Nababa har goro ya kawo mata.

Ita kuma ta ɗauki tabarma da buta ta tare a gonar. Daga hantsi zuwa la'asar tana zaune a gindin babbar, tana kaɗi. Ta janye karan da hannunta, washegari ta tarar an mayar. Mace mai shekara saba'in tana gadin itace daga ƙanenta, saboda wani kamfani da ba ta san sunansa ba yana so ya ci gaba da hayaƙi da zuciya fara.

Layi biyu nake nema da hatimi. Ko mai gadin ne ya rubuta.

Zulaiha.

*

Kaduna,
tsakiyar Disamba.

Zulaiha,

Wa alaikumus salam. Na dawo lafiya, sai mura da na kwaso a can. Raudatu da yara na gaishe ki.

Ki gafarce ni. Wasiƙarki ta ƙarshen Oktoba ta same ni ana gobe za mu tashi, na karanta a tsaye. Gaskiya na ɗauka tsokana ce irin taki. Tun muna yara in kika ga na ɗauki abu da muhimmanci sai kin ƙirƙiro labarin da zai sa in ji kunya, kuma wannan ya yi kama da su: dillalin gawayi yana karanta wasiƙar mai dashen itace. Har na ba abokan tafiyata labari a jirgi. Sai da na dawo na tarar da ta Nuwamba na gane da gaske kike. Ke ma da laifinki. Mutum bai san ranar da kike wasa da ranar da ba kya yi ba, murya ɗaya ce.

Ga takardar Baba Dabo na haɗo, da hatimi. Na faɗa masa a fili. Hoton da ake dubawa na shekarun baya ne, an yi haka ne musamman don kada wani ya sare yau ya zo gobe ya ce filinsa ya lalace. Duk wanda ya yi haka ma cire shi ake yi gaba ɗaya. Kin ga ke nan waɗanda suka tsara abin sun yi tunani, ba kamar yadda kike zato ba.

Wani abin da zai faranta miki. A taron an ba ni minti biyar in yi magana, sai na kawo misalin Gwaggo Azumi, yadda al'adarmu ta ba mace bishiya ta ba namiji ƙasa, shi ya sa ɗorawa ta tsira a gonakinmu. Zulaiha, tafi aka yi. Wata baturiya ta biyo ni har waje tana tambaya. Shugabarmu ta ce in samo hoton Gwaggo a gindin bishiyoyinta don rahoton shekara. In kin samu mai waya mai kyau ki ɗaukar mini, da safe ya fi haske.

Naki,
Nu'uman.

*

Birnin Gwari,
ƙarshen Janairu.

Nu'uman,

Sallama. Allah ya sawwaƙe mura. Nan ba wanda ya mutu.

Takardarka mai hatimi ta iso bayan wuta. Jikar Gwaggo ta haihu a Tsohon Birnin Gwari, ba yadda za ta ƙi zuwa suna. Ta tafi da safe, kafin azahar an yi sharar gona. Da na je ɓawon kowace bishiya ya tsage daga ƙasa zuwa inda hannu ba ya kaiwa, ganye ya zube. Wata ƙila da an bar su wasu su farfaɗo da ruwan farko. Amma Nababa ya duba ya ce sun mutu. Shi ne likita, shi ne mai wanka, shi ne magaji. Ya kawo inji, aka yanka su gunduwa-gunduwa, aka jera, aka rufe da ciyawa da ƙasa. Gonar ta yi kwanaki tana hayaƙi ta ƙananan ramuka. Ka gaya wa kamfanin naku ya ƙara wannan a lissafinsa.

Gwaggo ta dawo ta je ta gani. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta wanke tukunyar da take dafa kalwa ta kife ta a bayan ɗaki. Ranar kasuwa na ji ta da kunnena tana cewa, "Dabo, in ka fita a sayo mini gishiri." Ya ce to, Yaya. Ya kasa kallonta.

Ni na karanta masa takardarka, a zauren, gaban mutanen da suka ji ta farko. Ban rage komai ba. Ya yi shiru, ya cire hula ya mayar. Kwana biyu bai fita ba. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin wannan shirun, shi ne kaɗai abin da na samu a duk lamarin.

Sai ga ma'aikacinku ya zo rubuta gonaki, wani Isaiah, a kan babur, da ƙaramar na'ura a wuya. Ya zaga gonar Baba Dabo, ya tsallake kututture, ya tsallake ramin gawayi, ya rubuta ta. Na bi shi har inda ya ajiye babur na nuna masa takardarka. Ya karanta, ya miƙo mini.

Ya ce, "Malama, oga ya faɗi gaskiya. Amma filayen da hoto ya nuna ba itace, kin san ina suke? Can ciki suke, wurin mutanen daji. Ni ina da yara. An ce in kawo fili kafin damina, ga fili kusa da gari, ba itace. Na ga itace? Ban gani ba."

Na ce hoton baya fa? Ya ce hoto na Kaduna, shi yana Kazage.

Ban iya jin haushinsa ba, na nema na rasa. Baba Dabo kuwa ya fito zaure da sabuwar riga. Ya ce, "Yaron nan Nu'uman ilimi gare shi, sai dai bai san aikinsu ba." Ka ga ashe bai yi maka mummunar fahimta ba. Shi ya karanta ku daidai, ni da kai ne muka yi kuskure.

Yanzu saurara, kuma ba wasa nake ba, tunda sai na riƙa faɗa. Na Gwaggo sun tafi. Amma Kazage kaf ta zuba ido ta ga ko sunan Baba Dabo zai tsaya. Kusan kowace gona a nan akwai ɗorawa ko kaɗanyar wata gwaggo a ciki, kuma na fara ganin kara yana shan inuwa a gonaki uku. Kai ka rubuta cewa wanda ya sare cire shi ake yi. Ka cire shi. Ka sa a faɗa a rediyo. Baba zai daina gaishe ka, ni ma wata ƙila ya daina gaishe ni. Za mu rayu.

Hoton da ka nema ban ɗauka ba. Hasken safiyar dai yana da kyau, yanzu ba abin da ke tare shi.

Zulaiha.

*

Kaduna,
Maris.

Zulaiha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na daɗe ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Raudatu ta yi kuka.

Na kai maganar gaban shugabarmu. Ta girgiza ƙwarai. Amma ki fahimci inda muke. Sunayen Kazage sun riga sun tafi wurin masu ba da kuɗi. In muka cire gona ɗaya da wannan dalili, za su ce a binciki duka, kuma sun daɗe suna neman hujjar janyewa daga yankin saboda tsaro. Ba Baba Dabo kaɗai zai rasa ba, har da manoman da ba su sare komai ba, da Isaiah, da rijiyoyin da muka yi alkawari. Ni kuma ba zan iya zama wanda ya kai ƙarar kawunsa ba, kin san abin da dangi za su ce. Maganar rediyo an ce a dakata, kada a jawo hankali.

Amma ban zauna haka ba. Na matsa har aka yarda cewa a zango na biyu za a haɗa da bishiyoyin gida, ɗorawa da kaɗanya, kuma mata za a ba. Na sa sunan Gwaggo na farko da hannuna. Ki gaya mata. Ki ce ina neman gafararta, kuma in hanya ta yi kyau zan zo da kaina.

Kada ki yanke mini hukunci da wannan kaɗai. Ana samun irin haka a farkon kowane shiri, daga baya a gyara.

Nu'uman.

*

Birnin Gwari,
Yuli.

Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Mu ma haka. Ruwa ya sauka a makare, ya kuma zo da ƙarfi. Gonakin bayan gari sun fara zaizayewa ta inda saiwa ta saba riƙewa.

Ban amsa da wuri ba don ina jira in ga ƙarshen abin, kada a ce na yi gaggawar hukunci. Na gani. Kafin ruwan farko wutar sharar gona ta yi ɓarna a Kazage irin wadda ba a taɓa gani ba, kuma abin mamaki duk a gindin itace take tsayawa. Har gonar mai unguwa ba ta bari ba, Allah sarki. Daga kan hanya yanzu kana hango masallacin Juma'a, abin da ba a taɓa yi ba. Nababa ya sayi mota. Bana daddawar da ake sayarwa a kasuwa daga wani gari ake kawo ta.

Makon jiya aka yi bikin dashe a gonar Baba Dabo, don ita ce ta fi kusa da titi. An kafa allo mai sunan gidauniyarku. An kawo dashen itacen turare a baƙaƙen leda, aka jera su layi-layi tsakanin kututture. Ni ce na koya wa ɗalibaina cewa turare na shanye ruwan ƙasa, akuya ma ba ta cin ganyensa, ga shi an kawo su cikin kayan makaranta su yi waƙar maraba. Sun yi da kyau. An raba koren huluna. Mai ɗaukar hoto ya ce ana son tsohuwa a gaba, sai Baba Dabo ya aika a kira Yaya. Ta ce a gaya masa tana da ciwon gwiwa.

Na karanta mata wasiƙarka tun a Maris, har wurin da ka sa sunanta na farko da hannunka. Ta tambaye ni shekara nawa ɗorawa ke yi kafin ta yi 'ya'yan kirki. Ta fi ni sani, so take ta ji ko zan yi mata ƙarya. Ban yi ba. Sai jiya, da ta ji zan rubuta maka, ta ce in ba ka saƙo.

Ta ce a gaishe ka, a gaida Raudatu. Ta ce ta yafe, ba sai ka biyo wannan hanyar saboda ita ba. Ta ce in dashen ya zo ka aiko, za ta karɓa ta ba shi ruwa, don waɗanda ta ci ma ba ita ta dasa ba.

Ni ban kai ta kirki ba, ban kuma yafe ba. Na dai rubuta maka maganarta yadda ta faɗa, don amana ce. Taka ce kai kaɗai. Kada ka kai ta taro.

Zulaiha.